Zauren Lissafi: Tagwayen Lambobi, Gambonsu da Hatimi Mai Gida Tara

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan lambobin firam suka zo, wato lambobin da suka haura 1 waɗanda babu mai raba su daidai sai 1 da su kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13 da sauransu. Yawanci kuma maganar tagwayensu ce, firam biyu da tazarar 2 kawai ta shiga tsakaninsu, kamar 11 da 13. Mun zaɓi shida. A nemo biro da takarda kafin a fara, don duk abin da muka faɗa a nan mai karatu zai iya gwada shi da hannunsa.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyar da aji ɗaya na ƙaramar sakandare a wani ƙauye. Yara sun haura saba'in, littafi bai isa ba. Duk sanda na ce su rubuto lambobin firam zuwa 100 sai na tarar da 1, 51, 57, 87 da 91 a ciki. Yaya zan gyara wannan, kuma yaya zan shigo da maganar tagwaye ba tare da na rikita su ba? (Malamin lissafi, ƙaramar hukumar Jahun)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka fara da allo, fara da hannu. Kowane benci ya ɗebo tsakuwa ko ƙwayar masara 12, su jera su sahu-sahu, kada wani sahu ya fi wani. Za su samu sahu 2 mai shida-shida, ko sahu 3 mai huɗu-huɗu. Sai ka ƙara musu ƙwaya ɗaya. Duk yadda suka juya 13 sai an sami saura, sai dai a zuba su duka a sahu guda. Yaron da ya sha wannan wahala da yatsunsa ya san firam ko bai iya faɗin ma'anarta ba.

Ita 1 ana cire ta ne saboda firam tana da masu raba ta guda biyu cif, ita kuwa ɗaya gare ta. Dalilin da ya fi wannan ƙarfi shi ne, kowace lamba hanya ɗaya tak ake warware ta zuwa firam: 60 ita ce 2 × 2 × 3 × 5, ba wata. Da za a bar 1 ta shigo, sai a yi ta liƙa ta sau ɗaya, sau biyu, sau goma, ƙa'idar ta rushe.

51, 57 da 87 kuwa suna shiga ne saboda haddar ninki da yara suka yi ta tsaya a 12 sau 12, duk lambar mara da ba su taɓa ji a haddar ba sai su ɗauka firam ce. Koya musu haɗa alƙaluma: 5 da 1 shida ne, 5 da 7 sha biyu, 8 da 7 sha biyar, duka kuwa 3 na raba su, saboda haka tana raba lambar kanta. 91 ce kaɗai ke kuɓuce wa wannan gwaji. Ƙasa da 100, lambobin da ba firam ba kuma 2, 3 da 5 ba sa raba su uku ne kacal: 49, 77 da 91. Biyun farko yara sun san su. Rubuta 7 × 13 = 91 a kusurwar allo ka bar shi har ƙarshen zango.

Daga nan sai tankaɗe, dabarar da ake jingina wa Eratostenis, mai kula da ɗakin karatu na Iskandariyya a ƙarni na uku kafin miladiyya. Samo kwali babba ka ja shi gida shida a kwance, layi 33 a tsaye. Kada ka fara da 1, fara da 2. Layin farko zai zama 2, 3, 4, 5, 6, 7, na biyu 8 zuwa 13, na ƙarshe ya tsaya a 199. Soke gidan farko gaba ɗaya ban da 2, gida na biyu ban da 3, sannan na uku da na biyar duka. Saura gida na huɗu mai 5, 11, 17 da na shida mai 7, 13, 19. A cikinsu soke ninkin 5 daga 25, ninkin 7 daga 49, ninkin 11 daga 121, ninkin 13 daga 169. Nan za ka tsaya, domin 17 × 17 ya kai 289, ya wuce kwalin.

Wuri biyu ake tuntuɓe. Yara kan soke 5 ko 7 ɗin kanta tare da ninkinta. Sannan sukan tsaya a 7, wanda ya wadatar in iyakar 100 ce, amma zuwa 200 zai bar 121, 143, 169 da 187 a tsaye. In aiki ya yi kyau za a ƙirga firam 25 ƙasa da 100, da 46 ƙasa da 200.

Amfanin farawa da 2 shi ne tagwaye za su fito da kansu: duk layin da gida na huɗu da na shida suka tsira tare, tagwaye ne, ninkin 6 na zaune a tsakiyarsu. Layi 14 za su yi haka. Ƙara 3 da 5 da ke layin farko, ka samu 15.

Tambaya: Malam, na lura lambar da ke tsakiyar tagwaye kullum 6 na raba ta: 6, 12, 18, 30, 42. Ke nan in na ɗauki kowane ninkin 6 na cire 1 na ƙara 1 zan samu tagwaye? (Ɗaliba, aji biyar na sakandare, Sumaila)

Amsa: 'Yata, abin da kika lura da shi gaskiya ne, kuma ga dalilinsa. Duk lambobi uku da suka biyo juna, ɗaya daga ciki 3 na raba ta. Na gefe biyun firam ne da suka fi 3, saboda haka ta tsakiya ce. Kuma tana tsakanin mara biyu, dole ta zama cika. Abin da 2 da 3 suka raba, 6 ta raba shi. 3 da 5 ne kawai suka fita daga wannan tsari, don 4 ce a tsakiyarsu.

Amma maganar ba ta juyuwa. 24 na ba da 23 da 25, ita 25 kuwa 5 × 5 ce. 36 na ba da 35. 120 ta faɗi ta gefe biyu: 119 = 7 × 17, 121 = 11 × 11.

Ga yadda za ki mayar da abin da kika gano kayan aiki. Kira lambar tsakiya 6n, ki rubuta n daga 1 zuwa 33. Ajiye 1 a gefe, ta tsira. Soke duk n da ta ƙare da 1, 4, 6 ko 9, domin a nan 5 na raba ɗaya daga cikin biyun. Saboda 7, soke duk wadda ke maƙwabtaka da ninkin 7 da tazarar 1: abin da zai faɗi daga ragowar shi ne 8, 13, 15, 20, 22, 27. Saboda 11 da 13 tazarar 2 ake dubawa daga ninkinsu. Na 11 duk sun riga sun faɗi, na 13 kuwa zai kayar da 28, wadda ke ba da 167 da 169. Abin da ya rage:

1, 2, 3, 5, 7, 10, 12, 17, 18, 23, 25, 30, 32, 33

Ninka kowace da 6 ki samu tsakiyar tagwaye: 23 na ba da 138, wato 137 da 139. In za ki zarce, 17 da 19 tazarar 3 suke nema, 23 tazarar 4, 29 da 31 tazarar 5. Tazarar ita ce n ɗin da firam ɗin kanta take zaune a gefenta, kuma wannan n ta farko ba a soke ta saboda ita.

Akwai wasu jerin biyu da ke fitowa daga nan. Jimillar kowane tagwaye, ban da 3 da 5, 12 na raba ta: 12, 24, 36, 60, 84. In kuma aka ninka su da juna ana samun 35, 143, 323, 899, kowace saura 1 ta cika murabba'i, wato lambar da aka ninka da kanta (36, 144, 324, 900), kuma in kika yi ta haɗa alƙalumanta a 8 za ki tsaya: 8 + 9 + 9 = 26, 2 + 6 = 8. Ki yi hattara dai. Wannan gwaji na kama kuskuren ninki ne, ba ya shaidar tagwaye, domin 23 × 25 = 575 ita ma a 8 take tsayawa. Duk waɗannan jerin suna cikin kundin jerin lambobi da Neil Sloane ya fara tarawa a 1964, wanda yanzu yake a intanet da sunan OEIS. Jerin n ɗin nan lambarsa A002822, na ƙananan tagwaye kuma A001359.

Tambaya: Malam, ina ganin na tabbatar da cewa tagwaye ba su da iyaka. In aka ninka firam na farko-farko da juna aka cire 1 aka ƙara 1, babu ɗaya a cikinsu da zai raba sakamakon, ke nan duka biyun firam ne. 6 ta ba ni 5 da 7, 30 ta ba ni 29 da 31, 2310 ta ba ni 2309 da 2311. Ina zan kai wannan aiki? (Ɗalibin kwalejin ilimi, Gwaram)

Amsa: Ɗana, ka bi hanya mai daraja, hanyar Yuklid ce, masanin lissafin Girka na wajen shekara 300 kafin miladiyya. Misalanka uku duk daidai ne. Amma tsakanin 30 da 2310 akwai 2 × 3 × 5 × 7 = 210, kuma 209 ita ce 11 × 19. Bayan 2310 sai 30030, inda 30029 firam ce amma 30031 = 59 × 509.

Dubi inda hujjar ta zame. Gaskiya ne 2, 3, 5 da 7 ba sa raba 209. Wannan bai hana wata firam da ba ta cikin jerin raba ta ba, ga 11 da 19 sun raba. Abin da Yuklid ya nuna shi ne, kowane jerin firam ka kawo akwai wata a wajensa. Wannan ya isa ya tabbatar firam ba ta ƙarewa, amma bai ce sabuwar lambar ita kanta firam ce ba, balle a ce biyu a lokaci guda.

Har yau ba a tabbatar da cewa tagwaye ba su da iyaka ba, ko da yake masana sun yi imani haka ne. Ƙidaya na ƙarfafa zaton. Ƙasa da 100 akwai tagwaye 8 cikin firam 25. Ƙasa da 1,000, 35 cikin 168. Ƙasa da 10,000, 205 cikin 1,229. Ƙasa da miliyan ɗaya, 8,169 cikin 78,498. Suna raguwa fiye da yadda firam ke raguwa, amma ba su yanke ba a duk inda aka ƙirga.

A 1849 Bafaranshe Alphonse de Polignac ya faɗaɗa zaton, ya ce kowace lambar cika, 2 ko 4 ko 6 ko 100, tana zama tazara tsakanin firam biyu masu bin juna sau ba iyaka. A 1973 Chen Jingrun na ƙasar Sin ya wallafa hujjar cewa akwai firam ba iyaka waɗanda in an ƙara musu 2 ake samun ko dai firam ko ninkin firam biyu kacal. Saura taki ɗaya, amma takin ya gagara. A 2013 Yitang Zhang, malami a jami'ar New Hampshire ta Amurka, ya nuna akwai firam biyu-biyu ba iyaka da tazararsu ba ta kai miliyan 70 ba. Adadin ya yi girma, amma shi ne karon farko da aka kafa wata iyaka ko kaɗan. Kafin shekarar ta ƙare James Maynard ɗan Ingila ya sauko da ita zuwa 600 ta wata hanya daban, a 2014 kuma haɗin gwiwar masana da Terence Tao ya jagoranta ya kai ta 246. A fahimci wannan da kyau: ba a ce tazarar 246 ce ke maimaituwa ba. An ce aƙalla wata lamba ɗaya da ba ta wuce 246 ba tana maimaituwa ba iyaka, ba a kuma san wace ce ba. Ko da an yarda da wani babban zato da shi ma ba a tabbatar ba, wannan hanya a 6 take tsayawa.

Shawararmu, kafin ka kai kowane aiki ko'ina, ware lokaci kana neman misalin da zai karya shi, kuma kada ka tsallake mataki ko ɗaya a jerin. Dubi n × n + n + 41, wadda masanin lissafi Euler ya yi nazari: daga n = 0 zuwa 39 firam take bayarwa, 41, 43, 47, 53, 61, sau arba'in a jere. A n = 40 sai ta ba da 1681, wato 41 × 41. Kada wannan ya sanyaya maka gwiwa. Wanda ya gano hanyar Yuklid da kansa yana da kan lissafi.

Tambaya: Malam, tunda akwai Hassan da Husaini a lambobi, akwai 'yan uku? Kuma ina Gambo? (Tela, Bichi)

Amsa: Maigida, 'yan uku masu tazarar bibbiyu sau ɗaya suka taɓa zuwa: 3, 5, 7. Duk lambobin mara uku da suka biyo juna, 3 na raba ɗaya daga ciki (9, 11, 13 ko 11, 13, 15 ko 13, 15, 17), don haka ba za su zama firam duka ba, sai fa in ita 3 ɗin ce da kanta. Shi ya sa 5 ce kaɗai ta shiga tagwaye biyu. Gambo kuwa, daga 5 da 7 zuwa sama, ba ya zuwa sai aƙalla da tazarar 4 bayan Husaini: 11, 13 sai 17; 41, 43 sai 47. Wani lokaci ya daɗe, kamar 197, 199 sai 211.

Tagwaye biyu kan zo a goma guda: 11, 13, 17, 19; 101, 103, 107, 109; 191, 193, 197, 199; daga nan sai 821, 823, 827, 829. Ko a kalanda akwai su. 1997 da 1999 tagwaye ne, masu bi musu 2027 da 2029. A shekarun Hijira, bayan 1427 da 1429 sai 1451 da 1453.

Tambaya: Malam, ina da sola da tsohuwar kwamfuta a shago. Yaya zan nemo manyan tagwaye, kuma har ina aka kai? (Mai shagon cajin waya, Ringim)

Amsa: Ɗan'uwa, fara da sanin inda ake tsayawa. Don gwada lamba, raba ta da kowace firam har zuwa wadda in an ninka ta da kanta za ta wuce lambar. Ga 2027 da 2029, 47 × 47 ya kai 2209, saboda haka firam 14 za ka gwada, daga 2 zuwa 43. A kalkuleta kada ka amince da ido: raba, ɗauki cikakken adadin, ninka shi baya, ka cire. 2027 ÷ 43 na ba da 47 da 'yan kai, 47 × 43 = 2021, saura 6. Ita wannan 2021 ɗin darasi ce, don tana tsallake gwaji goma sha uku, sai a na ƙarshe take faɗuwa.

In tagwaye da yawa kake so, kada ka gwada ɗaya-ɗaya. Sa kwamfuta ta yi tankaɗen n da muka nuna wa ɗalibar Sumaila, ka duba ko ta ba ka 35 ƙasa da 1,000 da 1,224 ƙasa da 100,000. In ta saɓa, a shirinka matsalar take. Ka sani kuma Excel alƙaluma 15 yake riƙewa, abin da ya wuce haka sifili yake mayarwa ba tare da gargaɗi ba, sai lambar mara ta koma cika.

Akwai ƙa'idar Clement ta 1949 da ke tantance tagwaye kai tsaye: ninka lambobi daga 1 zuwa n − 1, ƙara 1, ninka da 4, ƙara n. In n × (n + 2) ta raba sakamakon, tagwaye ne. Ga 5 da 7: 24 + 1 = 25, sau 4 ɗari, da 5 ya zama 105, wato 35 × 3. Daidai take ba ta kuskure, amma ba ta aikin nema, don a 29 da 31 kawai lambar ta kai alƙaluma 31.

Tagwayen da shirin sa-kai na PrimeGrid ya gano a Satumba 2016 alƙaluma 388,342 gare su: 2996863034895 sau 2 da aka ninka da kanta sau 1,290,000, a cire 1, a ƙara 1. Ita ma na'ura a riƙa bin diddiginta. A 1919 Viggo Brun ɗan Norwe ya nuna in aka yi ta tara 1/3 + 1/5 + 1/5 + 1/7 + 1/11 + 1/13 har abada, jimillar ba ta wuce wata iyaka, wadda aka ƙiyasta kusan 1.902. Wannan jimilla Thomas Nicely yake lissafawa a Amurka a 1994 sa'ad da ya ga sabuwar ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Pentium tana kuskuren rabawa a kan 824633702441. Musanya ta ya ci wa kamfanin Intel dala miliyan 475. Duk sakamakon da ka samu, sake shi ta hanya ta biyu ko a wata na'urar.

Tambaya: Malam, ana iya cika hatimi mai gida tara da firam zalla, ko ta ina aka haɗa jimilla ta zo ɗaya? (Dattijo, Kazaure)

Amsa: Allah ya ƙara girma, Baba. Ana iyawa, kuma fannin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa: Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan yadda ake gina irin waɗannan gidaje masu adadin mara. Ga na firam:

17, 89, 71
113, 59, 5
47, 29, 101

A kwance, a tsaye, da kusurwa zuwa kusurwa, 177 ne, wato ta tsakiya sau 3. Babu hatimin firam mai gida tara da jimillarsa ta gaza haka. Gininsa: a zaɓi ta tsakiya, a nan 59, da tazara biyu, a nan 12 da 42. A cire kuma a ƙara 12 (47, 71), sannan 42 (17, 101), waɗannan huɗun su ne kusurwoyi, kowace tana fuskantar abokiyarta. Sai jimillar tazarar biyu, 54 (5, 113), da bambancinsu, 30 (29, 89), su cike gefuna. Dole 6 ta raba kowace tazara, in ba haka ba wani gida zai faɗa kan cika ko ninkin 3. Kada kuma babbar tazara ta zama ninki biyu na ƙaramar, don lamba za ta maimaitu. Shida daga cikin taran nan ƙananan tagwaye ne: 5, 17, 29, 59, 71 da 101. Sauran ukun, 47, 89 da 113, in an ƙara musu 2 suna ba da 7 × 7, 7 × 13 da 5 × 23, irin waɗanda Chen ya yi hujja a kansu.